KASHIN TSUNTSU A RIGAR JUMA'A: HUKUNCINSA DA MAGANINSA

Wannan shi ne jawabin da wani malamin Islamiyya ya gabatar wa 'yan uwa matasa da suka hallara daga Ikara da Maƙarfi da Kudan, a zaman karatun da suka saba yi bayan sallar La'asar. Abin da ya jawo jawabin kuwa tambaya ce da ta yi ta maimaituwa daga bakin ɗalibai, wato mutum ya wanke farar rigarsa ranar Alhamis don sallar Juma'a, ya shanya, ya dawo ya tarar tsuntsu ya ɓata ta. Shin zai yi salla da ita? Kuma yaya zai yi ya hana sake faruwar haka? Ga yadda jawabin ya gudana. A sha karatu lafiya.

Bayan godiya ga Allah (T) da salati ga Manzonsa (S) da alayensa da sahabbansa, Malam ya fara da cewa ya lura wasu sun yi murmushi da aka ambaci abin da za a yi magana a kai, kamar suna ganin ya yi ƙanƙanta a tara samari daga ƙananan hukumomi uku a kansa. Ya ce to su sani mas'ala ce ta tsarki, shi kuwa tsarki sai an karanta shi a Ahalari da Ishmawi da Iziyya kafin a kai ga salla. Sannan a cikinta akwai haƙƙin maƙwabci, akwai haƙƙin uwa da ƙanwa waɗanda galibi su ne ke sake wankin, akwai kuma haƙƙin shi kansa tsuntsun. Ya ce ya san zumuncin da ya yi tsami tsakanin gida biyu da ke katanga ɗaya, ba a kan gado ko gona ba, a kan tantabarun yaro ɗaya da shanyar matar gida.

MENENE HUKUNCIN KASHIN TSUNTSU?

Malam ya ce ƙa'idar da malaman Malikiyya suka kafa, wadda a kanta karatun ƙasar nan ya ginu, ita ce duk dabbar da ya halatta a ci namanta, to fitsarinta da kashinta masu tsarki ne, matuƙar ba najasa take ci ba. Hujjarsu a kan haka sananniya ce: Manzon Allah (S) ya yi izinin yin salla a garken tumaki, kuma ya umarci mutanen Uraina da suka yi rashin lafiya a Madina da su sha nonon raƙuma da fitsarinsu. Da najasa ne da bai yi wannan izini ba. Tsuntsaye kuwa a wurin Malikiyya halal ne cinsu. Ke nan kashin tantabara da kurciya da hazbiya da gwara da kabare, waɗanda abincinsu tsaba ce da 'ya'yan itace da ƙwari, mai tsarki ne. Wanda ya yi salla da riga mai ɗigonsa sallarsa ta yi, babu ramuwa a kansa.

Ya ci gaba da cewa inda hukuncin yake canzawa shi ne tsuntsun da ke cin ƙazanta. Idan an tabbatar, ko zato ya rinjaya, cewa ya ci najasa, to kashinsa najasa ne. Idan kuwa shakka ake yi, sai a duba ɗabi'arsa. Shehu Ahmadu Dardir, malamin Misra da ya yi sharhin Mukhtasar na Khalil, wanda ya rasu a 1786, ya bambance tsakanin kaza da tantabara a daidai wannan wuri: kaza ɗabi'arta ce tonon juji da bin kwata, saboda haka ko da shakka ana ɗaukar kashinta najasa, ita kuwa tantabara ba ɗabi'arta ba ce. Malam ya ce a kan wannan sai 'yan uwa su auna hankaka da ungulu, waɗanda kowa ya san inda suke kiwo, a bayan mahauta da kan mushe. Kazar da aka killace ana ba ta dusa da tsaki, ita hukuncinta daban ne da kazar da ke yawo a unguwa.

Game da jemage, wanda yake cika bishiyoyin mangwaro da dalbejiya da dare, Malam ya ce shi ba tsuntsu ba ne a haƙiƙa, dabba ce mai shayarwa, kuma malamai da dama na mazhabar sun sanya cinsa cikin makaruhi, abin da aka karhanta cin namansa kuwa kashinsa najasa ne. Don haka wanda ya bar shanya ta kwana a ƙarƙashin mangwaro, ya wayi gari ya ga baƙin ɗigo mai danƙo, to ya wanke kawai.

Daga nan ya kawo abin da sauran mazhabobi suka tafi a kai, domin kada wani ya ji wani malami ya faɗi daban ya ɗauka ɓata ne. Ya ce Hambaliyya suna tare da Malikiyya a kan tsarkin kashin abin da ake ci. Hanafiyya sun ce kashin tantabara da gwara mai tsarki ne, suna kafa hujja da cewa tun zamanin farko tantabaru suke cike da masallacin Makka ba wanda ya ce a kore su don tsarki, amma kashin kaza da agwagwa a wurinsu najasa ce mai kauri. Shafi'iyya kuwa sun ɗauki dukkan kashi najasa, sai dai sun yi rangwame a inda kauce masa ya yi wuya, kamar a masallatai. Ya ce saɓani ne na malamai masu hujja, bai kai a yi wa juna kallon banza a sahu ba.

WANDA BAI GA TSUNTSUN BA FA?

Malam ya ce nan ne mafi yawan tambayar take, don kuwa ba wanda yake zama ya tsare igiya ya ga wane tsuntsu ne ya sauka. Ya ce duk wanda ya karanta Ahalari ya wuce amsar, ko da bai lura ba. Surori uku ne. Ta farko, ka tabbata najasa ce kuma ka ga wurin, sai ka wanke wurin kaɗai, idan wurin ya ɓace maka ka wanke rigar duka. Ta biyu, ka san akwai najasa amma kana shakka ko ta taɓa rigar, sai ka yi mata yayyafi da ruwa. Ta uku, wani abu ya taɓa rigar amma kana shakka ko shi ɗin najasa ne, to babu wanki a kanka babu yayyafi. Ya ce ɗigon da ka tarar a riga a kan igiya, ba ka san na wane tsuntsu ba ne, a wannan sura ta uku yake.

Ya ce, “Saboda haka ɗan uwa, idan an kusa hawa mumbari, ka ɗauko riga ka ga ɗigo, kankare shi ka sa rigarka ka tafi masallaci. Kada Shaiɗan ya zaunar da kai a gida da sunan tsantseni har Juma'a ta wuce ka. Barin Juma'a shi ne babban abin tsoro.”

Amma ya ja kunne da cewa kasancewar abu mai tsarki ba ya nufin ba ƙazanta ba ne. Majina ma mai tsarki ce, amma ba mai hankalin da zai je Juma'a da ita a kafaɗa. Sunna ita ce a je da wanka da turare da mafi kyawun tufa. Idan da lokaci, a wanke.

Ya ƙara da faɗakarwa biyu ga wanda ya tabbatar najasa ce, kamar kashin kazar yawo. Ta ɗaya, rangwamen da ake yi na gwargwadon dirhami a kan jini ne da mugunya da makamantansu, bai shafi kashi da fitsari ba. Ta biyu, ruwan omo yana gusar da ƙazantar amma ba ya ɗauke hukuncin najasa a mazhabar Malik, sai an ɗauraye da tsantsar ruwa wanda launinsa da ɗanɗanonsa da ƙamshinsa ba su jirkita ba. Wanda kuwa ya yi salla da najasa bisa mantuwa, sai bayan sallama ya gani, to ya sake ta matuƙar lokaci bai fita ba.

ME YA KAWO TSUNTSU KAN IGIYA?

Da ya juyo kan magani, Malam ya ce manomi ba ya maganin ciyawa sai ya san irinta. Tsuntsu abu uku ne ke kawo shi gida: abinci, ruwa, da wurin sauka. Ya ce a dubi gidajenmu na wannan yanki, musamman da kaka. A tsakar gida ɗaya ake shanya masara da dawa da shinkafa, a nan ake surfe da sheƙa, a nan ake watsa wa kaji tsaki, a nan ruwan wanke-wanke yake kwanciya, sannan a bisa kansu duka aka ɗaura igiyar shanya daga dalbejiya zuwa ƙusar bango. Ya ce wanda ya yi haka ya shirya wa tsuntsu walima har da kujerar zama, sannan yana mamakin zuwansa.

Ya bayyana cewa halittar tsuntsu daban take da ta akuya. Ba ya fitsari daban, ta kafa ɗaya komai yake fita. Farin da ake gani a kashinsa shi ne madadin fitsarinsa, masana suna ce masa yurik asid, kuma ba ya narkewa a ruwa da sauƙi, shi ya sa yake kama yadi kamar farar ƙasa. Baƙin da ke tsakiya shi ne kashin, kuma launinsa yana bin abin da tsuntsun ya ci. Idan lokacin 'ya'yan dalbejiya ne ko ceɗiya ko durumi, tabon ya fi wuyar fita. Sannan tsuntsu ba ya riƙe kashi ya daɗe, a inda ya sauka a nan yake sakinsa, sau da yawa ma daidai lokacin da zai tashi.

ABIN DA ZA A YI

Na farko, in ji Malam, a raba igiya da bishiya. Inuwar dalbejiya ta zama ce da karatu, ba ta shanya ba. Haka nan a kauce wa ƙarƙashin wayar lantarki da bakin indararo da gefen ɗakin tantabara. A kafa sanda biyu a fili inda rana ke duka, ko da kuwa za a rage tsawon igiyar. Gidan da ke kusa da kuka ko tsamiyar da shamuwa ke yin sheƙa da farkon damina, ko bishiyar da balbelu ke kwana, su sun fi kowa buƙatar wannan, domin kashin waɗannan ba ɗigo ba ne, kwarara ne.

Na biyu, a raba shanyar tufa da shanyar hatsi. Idan tsakar gidan ɗaya ce, a raba musu rana. Tsakin kaji da kaskon ruwan tantabaru a mai da su can ƙarshen gida, a share dusa bayan surfe, a gyara kwata ruwa ya rinƙa wucewa.

Na uku, lokaci. Tsuntsaye sun fi kai-kawo da sassafe lokacin fita kiwo, da kuma yamma lis lokacin komawa makwanci. Da tsakar rana sukan lafa a inuwa. Saboda haka a yi shanya da hantsi, a kwashe kafin La'asar. Da rani ko lokacin hunturu, tufa ba ta buƙatar fiye da haka. Ya ce mafi yawan rigunan da ake kuka a kansu sun bushe tun Azahar, mai su ya tafi majalisa ko kallon ƙwallo ya bar su har Magariba, wasu ma har su kwana. Idan an kwashe kayan kuma a kwance igiyar a naɗe, don kada tsuntsaye su saba da ita a matsayin wurin hutawa, kada kuma ita kanta igiyar ta yi datti ta ɓata wankin gobe.

Na huɗu, a shanya riga a bai-bai, cikinta a waje. In ma an samu ɗigo, ba a fuskar shadda ko kan aikin wuya zai sauka ba, kuma rana ba za ta cinye launin ba. Farar rigar Juma'a kuwa, wadda ita ce abin ji, a yafa mata tsohon gidan sauro ko wani tsohon mayafi marar nauyi a sama. Iska tana ratsawa, ɗigon kuma a kan mayafin zai tsaya. Wanda yake da rumfa ko baranda mai iska, ya shanya a ciki ya huta.

Na biyar, abin tsoratarwa. Malam ya ce wannan ba sai an koya wa ɗan Kudan ko ɗan Ikara ba, duk wanda ya yi tsaron gero ko shinkafa ya san aikin zaren kaset da gwangwani da tsumman leda. Yanzu da kaset ya yi wuya, tsohon faifan CD yana yin aikin, a rataye biyu ko uku a igiyar yadda za su rinƙa juyawa suna walƙiya. Sai dai tsuntsu yana da wayo, bayan 'yan kwanaki zai gane ba abin da zai same shi, har a ga hankaka a kan mutum-mutumi. Don haka a rinƙa canza musu wuri, kuma a rataya su ranar wanki kaɗai a cire bayan an kwashe.

Idan kuma abin ya riga ya faru, ya ce kada a murza shi yana ɗanye, shiga zaren yadin zai ƙara yi. A kwashe da tsinke ko bayan cokali, a jiƙa wurin da ruwan sanyi, a sa sabulu a bar shi ya ɗan jima, sannan a cuɗa a ɗauraye. Ruwan zafi yana dafa tabon ya zauna, dutsen guga kuwa ya fi shi ɓarna, saboda haka kada a goge riga sai an tabbatar tabon ya fita.

KADA A ZALUNCI TSUNTSU

A nan Malam ya ɗaga murya, ya ce ya ji ana ba da shawarar a jiƙa tsaba da fiya-fiya ko maganin ɓera a watsa, wasu kuma suna tura ƙannensu da danƙo, ko su hau bishiya su zubar da sheƙa da 'ya'ya a ciki. Ya ce wannan ba aikin mai tsoron Allah ba ne. Ya tunatar da abin da Abu Dawuda ya ruwaito, cewa a wata tafiya sahabbai sun ɗauke 'ya'yan wata ƙaramar tsuntsuwa guda biyu, uwar ta zo tana ta shawagi, Manzon Allah (S) ya nemi sanin wanda ya tayar mata da hankali, ya sa aka mayar mata da su. Ya kuma kawo ruwayar Nasa'i cewa wanda ya kashe ko da gwara ce ba da haƙƙi ba za a tambaye shi ranar ƙiyama, haƙƙin kuwa shi ne a yanka a ci. Da kuma yadda Abdullahi ɗan Umar ya tarar da wasu samari sun ɗaure tsuntsu suna gwada harbi a kansa, ya sanar da su an la'anci mai yin haka. Ban da wannan, in ji shi, gubar da aka watsa ba ta tantance baki. Kazar maƙwabci za ta ci, kyanwa za ta ci gawar, yaro mai rarrafe ma yana tsakar gidan.

Ya ba da misali da ƙasar Sin. A 1958 gwamnatin Mao ta shelanta yaƙi da abubuwa huɗu, ɓera da ƙuda da sauro da gwara, bisa hujjar gwara tana cinye hatsi. Mutane suka fito da tukwane da gwangwanaye suna kaɗawa, suka hana tsuntsayen sauka har suka rinƙa faɗowa matattu don gajiya. Da gwara ta ƙare sai fara da sauran ƙwari suka samu sarari a gonaki. A 1960 dole aka cire ta daga jerin aka sa kuɗin cizo a madadinta, kuma wannan ɓarna tana cikin abubuwan da suka tsananta yunwar 1959 zuwa 1961, wadda ta kashe miliyoyin mutane. Ya ce balbela da shamuwar da ake jin haushinsu a gida, su ne ke tsince fara da tsutsa a gonar masara.

GA MASU KIWON TANTABARA

Malam ya ce ya san rabin waɗanda ke zaune a gabansa suna da ɗakin tantabara, kuma kiwo ne halal mai amfani, ana samun nama da kuɗin sabulu, kashinsu kuma taki ne da masu lambun tumatir da albasa suke nema. Amma shari'a ba ta yarda mutum ya amfana ta hanyar cutar da wani ba. Idan tantabarunka a katangar maƙwabci suke yini, matarsa tana wanki biyu saboda kai, alhali ruwan nan saye ake yi a wurin 'yan garuwa ko a jawo shi daga rijiya, to akwai haƙƙi a wuyanka. Ka mai da ɗakin nesa da katangarsa, ka ba su abinci da ruwa a gidanka don su zauna, ka rage yawansu idan sun fi ƙarfin wurin. Wanda aka ɓata wa kuma ya je ya yi sallama ya yi magana da lalama, kada ya fara da jifa.

Ya kuma gargaɗe su a kan lafiyarsu. Busasshen kashin tantabara da ya taru yana iya ɗaukar wata ƙwayar cuta dangin fumfuna, kiriftokokus, wadda ake shaƙa a ƙura, tana kuma haddasa wani nau'in sanƙarau ga wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni, kamar mai ƙanjamau. Don haka kafin a share ɗakin a yayyafa ruwa, a rufe hanci, a wanke hannu da sabulu. Ya tunatar da cewa murar tsuntsaye nau'in H5N1, a karon farko da aka tabbatar da ita a kaji a nahiyar Afirka, a nan jihar Kaduna ne, a wata gona da ke Jaji, cikin watan Fabrairu na 2006. Wanda ya ga tsuntsayensa suna mutuwa a jere, kada ya yanka ya ci ko ya kai kasuwa, ya sanar da malaman dabbobi.

Kafin a tashi wani ɗan uwa daga Hunƙuyi ya yi tambaya, ya ce, “Allah gafarta Malam, to mu da ba mu ke wankin ba, a gida ake yi mana, mene ne namu a ciki?” Malam ya ce nasu ya fi na kowa. Ya ce Uwar Muminai A'isha ta ba da labarin cewa Manzon Allah (S) a gidansa yana cikin hidimar iyalinsa, yana ɗinke tufarsa da kansa. Saurayin da ya iya tafiya daga Hunƙuyi zuwa Maƙarfi don karatu, bai kamata a ce tsohuwarsa ce ke durƙusawa a kan rigarsa sau biyu a yini ɗaya ba. Ya ce kafa sanda, da sauya wa igiya wuri, da jawo ruwa, da kwashe shanya kafin La'asar, duk aikin samari ne, kuma ya nemi kowa ya fara da su tun wankin wannan Alhamis mai zuwa.

Daga nan aka rufe zaman da addu'a. Allah Ya ba mu ikon aiki da abin da muka ji, Ya tsarkake zukatanmu da tufafinmu, amin.